Idan Fayilolin Wasa Suka Ɓace: Jagora Ga Mai Riƙon Uwar Garke a Landan

Duk lokacin da abokai suka haɗu a kan wasan dabarun mulki da yaƙi ta intanet, wani yana Kano, wani yana Yamai, wani yana Mancesta, kusan kullum na Landan ake ɗora wa riƙon uwar garke. Dalilin a fili yake. Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, layin intanet yana da ƙarfi, kuma birnin mahaɗa ne na hanyoyin sadarwa. Ginin Telehouse North da ke Docklands yana aiki tun 1990, cibiyar musayar intanet ta LINX ta kafu a 1994, wayar ƙarƙashin teku ta Glo-1 ma daga Bude da ke kudu maso yammacin Ingila ta tashi ta sauka Legas. Saboda haka ko dai ka ajiye tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ko ka yi hayar ƙaramin inji a ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na birnin, ka ce wa jama'a bismillah.

Abin da ba a faɗa maka ranar farko shi ne amana ka karɓa. Waɗannan wasanni ba na zama ɗaya ba ne. A OpenTTD, wanda aka gina a kan tsarin Transport Tycoon Deluxe na Chris Sawyer, mutum yakan yi makonni yana shimfiɗa layin dogo. A Freeciv, wanda ɗalibai uku a Jami'ar Aarhus ta Denmak suka fara fitarwa a 1996, akwai masu buga zagaye ɗaya tak a kowace rana, wasa ya kai wata da watanni. Haka Dominions na kamfanin Illwinter da ke Suwidin, haka masana'antun Factorio. Duk wannan wahala tana zaune cikin fayil ɗaya ko biyu da ba su kai girman gajeren bidiyon waya ba. Ran da suka ɓace, kai za a kalla.

Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne wannan: yawancin fayilolin da ake cewa sun ɓace suna nan da ransu a lokacin da aka gano matsalar. A cikin rabin sa'ar da ta biyo baya ne ake kashe su, kuma mai ƙoƙarin gyara ne yake kashe su da hannunsa.

Mintunan farko

Tambayar farko ita ce: manhajar wasan tana raye ko ta mutu? Amsar ita za ta raba maka hanya biyu, kuma hanyoyin sun saɓa wa juna.

In har tana raye, 'yan wasa suna iya shiga, sai dai ka leƙa folda ka tarar babu fayil, to kada ka kashe ta, kada ka sake kunna injin. A wasannin da ke tafiya kai tsaye, duniyar wasan gaba ɗaya tana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a wannan lokacin, kuma mai yiwuwa wannan ne kwafi na ƙarshe da ya rage. Ka dakatar da wasan, ka ba shi umarnin ajiya da sabon suna wanda ba a taɓa amfani da shi ba. A OpenTTD umarnin save ne a biyo shi da sunan, a Freeciv /save, a Factorio /server-save. Ka je ka ga fayil ɗin da idonka, ka duba girmansa, ka sauke kwafinsa zuwa wata kwamfuta daban. Sai bayan nan za ka fara binciken abin da ya faru.

In kuwa ta mutu, to akasin haka za ka yi: kada ka tashe ta. Nan ne mutane suka fi yin asara, domin hannu yana saurin kaiwa ga sake kunnawa, ga kuma saƙonni suna ta shigowa a WhatsApp ana tambaya yaushe za a dawo. Dalilin hanin shi ne yadda ajiyar atomatik ke aiki. Wasan yana da gurabe ƙididdigaggu, yana rubutu a na farko, ya wuce na biyu, in ya kai ƙarshe ya dawo ya goge na farko, kamar allon almajiri da ake wankewa a sake rubutu a kai. A saitin da Factorio ke zuwa da shi, uwar garke tana ajiya duk minti 10 a gurabe 5. Ma'ana tarihin minti 50 kawai gare ka. OpenTTD yana da gurabe 16. To ka ɗauka injin ya mutu cikin dare, ya tashi da kansa ya loda tsohon fayil na makon jiya, ko ma ya buɗe sabuwar taswira fanko saboda ba a gaya masa fayil ɗin da zai loda ba. Ajiyar daren jiya tana nan lafiya a cikin gurabenta. Amma muddin wasan yana tafiya, duk bayan 'yan mintuna sai ya danne guda da tsohon abu, kafin ka gama shan shayi ya cinye su duka.

Don haka in kana amfani da systemd ko Docker kuma ka saita su su riƙa tayar da wasan da kansu, tsayar da wannan tukuna. Sannan ka kwashi foldar wasan ɗungurungum, da abin da ka gane da wanda ba ka gane ba, ka kwafa ta wani wuri da cp -a ko tar, yadda kwanan wata da sunan mai fayil ba za su canza ba. Duk gwajin da za ka yi daga nan, a kan kwafi za ka yi shi.

Ya ɓace ne, ko ya sauya wuri?

Yanzu sai nema. A Linux, umarnin find zai zagaye faifan duka: ka nemi duk abin da ya ƙare da .sav in OpenTTD ne, .zip in Factorio ne, ko fayil mai suna ftherlnd in Dominions ne. Ka jera sakamakon bisa lokaci da ls -lt. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, domin fayil ɗin yana wani gida da ba ka zata ba.

Hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne. OpenTTD yakan yi ajiya a ~/.local/share/openttd, tsofaffin girke-girke kuma a ~/.openttd, kuma alamar ~ da ke farkonsu tana nufin gidan wanda ya kunna wasan. In yau ka kunna shi da sunanka, gobe ka kunna da sudo, gida biyu ke nan, kowanne da tarihinsa. Uwar garken Freeciv, in ba ka nuna mata folda da --saves ba, tana zuba ajiya a duk inda kake tsaye lokacin da ka kunna ta, shi ya sa ya kamata a rubuta WorkingDirectory a fili cikin fayil ɗin systemd. A Windows kuwa, OneDrive yakan ɗauke foldar Documents ya mayar da ita ƙarƙashinsa, manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta takan killace fayil ba tare da ka lura ba, tsofaffin wasanni da aka girka a Program Files kuma sukan yi rubutu a ɓoye cikin foldar VirtualStore.

Docker yana da nasa tarkon. In ba a ɗaura wa kwantena folda daga waje ba, duk abin da wasan ya rubuta yana cikin cikinta ne, ran da aka goge ta don sabuntawa sai ya tafi da ita. Kafin ka fitar da rai, duba docker ps -a. In tsohuwar kwantenar tsayawa kawai ta yi ba a goge ta ba, docker cp zai ciro maka fayilolin. Ka duba docker volume ls ma, don wani lokaci ajiyar tana cikin wani ɗaki marar suna da sabuwar kwantena ba ta san da shi ba.

Akwai kuma abin da ba ɓata ba ne ko kaɗan. Fayil yana nan amma ya ƙi buɗewa saboda an yi shi da sabon zubin wasan kai kuma kana loda shi da tsoho, ko saboda wani ƙari da aka yi wasan da shi, irin NewGRF na OpenTTD, ba ya nan. Ko ɗan wasa ya dawo daga tafiya ya ce kamfaninsa ya ɓace, alhali saitin autoclean_companies ne ya share shi don ya daɗe bai shiga ba. Wannan a saiti ake gyara shi.

Wanda ya fi ban takaici shi ne ka tarar da fayil da sunansa daidai amma girmansa sifili, ko rabin yadda aka saba. Wannan alamar rubutu ne da ya katse a tsakiya. Buga df -h ka ga ko faifai ya cika, sannan df -i, domin faifai yana iya ƙin karɓar sabon fayil alhali da sauran wuri in ƙananan fayiloli sun yi masa yawa. Rajistar aikin wasan da aka bari tana kumbura wata da watanni ita ce ta fi cika ƙananan injinan haya. Leƙa journalctl da dmesg ka nemi inda aka ce ƙwaƙwalwa ta ƙare: Linux yakan kashe manhajar da ta fi cin wuri ba sallama, kuma lokacin ajiya ne wasa ya fi buƙatar wuri. Ka duba mai fayil da ls -l. In an taɓa kunna wasan da root sau ɗaya, fayilolin sukan koma mallakarsa, daga nan wasan ya kasa rubutu a kansu, ya yi ta korafi a rajistar da babu mai karantawa, har a yi makonni ba a ajiye komai ba. Gwada lafiyar abin da ka samu da unzip -t ko xz -t, gwargwadon irin fayil ɗin, kafin ka dogara da shi.

In ka tabbata goge shi aka yi, nemi wanda ya goge, don kada ya sake. Karanta ~/.bash_history da crontab -l. Ka tuna foldar /tmp ba wurin ajiya ba ce, tsarin yana share ta da kansa. Ka tuna SteamCMD, in an ba shi umarnin validate, yana mayar da fayilolin da suka zo da wasan yadda suke tun asali, saitin da ka gyara a cikinsu ya tafi. Ka fi zargin ɗan rubutun umarni da aka kwafo daga intanet don share tsofaffin ajiya. A Janairun 2015 an gano cewa manhajar Steam ta Linux tana da layin rm -rf da ke dogara da sunan folda, in sunan ya zo fanko sai ya fara sharewa daga tushen faifai, kuma ya cinye wa mutane fayilolinsu. In kamfani irin Valve ya faɗa wannan rami, rubutun da aka yi da tsakar dare ma zai iya. Sanya set -u a saman kowane rubutu irin wannan, yadda zai tsaya cak in an kira sunan da ba a taɓa saita shi ba.

Wajen wa gaskiyar wasan take?

Kafin ka shiga wahalar tono faifai, tambayi 'yan wasanka. Amma amfanin tambayar ya danganta da irin wasan, kuma wannan bambanci ya kamata duk mai riƙon uwar garke ya san shi tun kafin rana ta ɓaci.

A OpenTTD da Factorio, duk wanda ya shiga sai ya sauke taswirar gaba ɗaya, kwamfutarsa tana lissafa duniyar tare da ta kowa. Saboda haka kowane ɗan wasa yana iya yin ajiya cikakkiya. OpenTTD ma yakan yi wa ɗan wasa ajiya da kansa idan layi ya yanke masa, ya sa ta a foldar autosave da suna mai farawa da netsave. Wato ɗan'uwanka na Kano da ke fama da yankewar layi, wanda kullum ake jira ya dawo, mai yiwuwa shi ne ke riƙe da kwafi mafi sabunta a duniya. Ka ce kowa ya turo abin da ke foldarsa kafin ya sake buɗe wasan.

Freeciv da Dominions ba haka suke ba. Ana ɓoye wa kowane ɗan wasa abin da idon rundunarsa bai kai ba, don haka abin da ke hannunsa yanki ne kawai. A Dominions uwar garke tana aika wa kowa fayil ɗin .trn, shi kuma ya mayar da umarninsa a fayil ɗin .2h, amma duniyar kanta tana cikin ftherlnd, wanda ke wajen mai riƙo shi kaɗai. Ko da duk 'yan wasa sun tara nasu, ba za su haɗa ftherlnd ba. A irin waɗannan wasanni nauyin bai rabu ba, a wuyanka yake dukansa.

In babu kowa da kwafi, saura tono. Kashe injin, ko ka shiga yanayin ceto da kamfanonin haya ke bayarwa, yadda ba abin da zai ƙara rubutu a faifan. Ɗauki hoton faifan duka da ddrescue zuwa wani faifai, ka yi aiki a kan hoton da TestDisk ko PhotoRec ko ext4magic. PhotoRec yana gane fayilolin zip da alamarsu, sai dai zai dawo da su ba sunaye, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sa rai da yawa: a faifan SSD, tsarin TRIM yana share gurbin abin da aka goge ba da daɗewa ba, kuma yawancin injinan haya a kan SSD suke. Tsohon faifai mai juyawa ya fi ba da fata. Ka kuma duba shafinka na kamfanin haya ko akwai hoton faifai da aka ɗauka a baya.

Landan ba ta fi ƙarfin tsautsayi ba

Mutanenmu na gida suna ɗauka wuta ba ta taɓa ɗaukewa a nan. Wanda ke zaune a gidan haya mai mitar kati ya san ba haka ba ne: kuɗi ya ƙare da asuba, ko wani a kicin ya haɗa butar lantarki da hita fis ya faɗi, kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur ta mutu tana tsakiyar rubutu. Ƙaramin UPS da zai riƙe ta minti goma ya isa ya hana wannan.

Manyan cibiyoyin ma ba su tsira ba. Ranar 19 ga Yulin 2022, da zafi ya haura digiri 40 a Heathrow, na'urorin sanyaya cibiyoyin Google Cloud da Oracle na Landan sun gaza, har aka kashe wani ɓangare na injinan. Kafin nan, ranar 10 ga Maris 2021, gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa. Kamfanin Facepunch na nan Ingila, masu wasan Rust, sun sanar cewa injinansu 25 na Turai sun salwanta kuma bayanan da ke kansu ba za su dawo ba. Wasu abokan cinikin kamfanin hayar suna da kwafin ko-ta-kwana, amma a harabar da ta ƙone yake. A ganina wannan ne darasin da ya fi shafar mai ƙaramar uwar garke: hoton faifan da kamfanin haya ke ajiye maka yana da amfani, amma in shi kaɗai ne, kuma ƙarƙashin asusu ɗaya, to katin banki da ya daina aiki ma ya isa ya raba ka da injin da hoton a rana ɗaya.

Tsarin da ke aiki ba shi da wuya. Kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya a nesa. Na nesan zai iya zama kwamfutarka ta gida in injin na haya ne, ko wani amintacce cikin 'yan wasan. Yi amfani da restic ko BorgBackup, masu riƙe tarihin kwanaki da yawa. Ka yi hattara da rsync mai ɗauke da --delete, domin madubi ne kawai: in fayil ya ɓace a nan, zai je ya ɓatar da shi a can. Kada ka kwafi fayil lokacin da wasan ke rubuta shi. A Dominions akwai --preexec da --postexec, masu ba ka damar gudanar da umarni kafin kowane zagaye da bayansa, nan ne wurin kwafe foldar duka. A OpenTTD kunna keep_all_autosave in kana da wuri, a Factorio ƙara yawan autosave_slots.

Sanya kwanan wata da lokaci a sunan kowane kwafi, kuma da agogon UTC. Wannan ƙaramar magana ce mai cizon mazauna Birtaniya. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya, sa'ar da ke tsakanin ƙarfe 1 da 2 na dare takan zo sau biyu, kwafi biyu su sami suna ɗaya, na biyu ya danne na farko. A Lahadin ƙarshe ta Maris kuma wannan sa'ar ba ta zuwa sam. Ajiye injin a kan UTC, ka sa aikin kwafi da ƙarfe 4 na asuba, ka huta.

Sannan ka gwada. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, da aka juya ga hanyoyin ko-ta-kwana da suka tanada sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, aka yi asarar bayanan kusan sa'o'i 6. Sau ɗaya a wata, ɗauko kwafin jiya daga can nesa, ka loda shi a wata kwamfuta, ka shiga ka ga garuruwa da jiragen ƙasa suna inda aka bar su.

Ran da za ka mayar da wasa baya, mayar da foldar zagayen gaba ɗayanta, kada ka haɗa ftherlnd na jiya da .2h na yau. Ka ce kowa ya goge abin da ke hannunsa ya sauke sabo. Ka kuma gaya wa jama'a gaskiya: ga abin da ya faru, ga zagayen da za a koma, ga abin da aka rasa. Komawa baya ba ta yi wa kowa daidai ba, domin wani ya riga ya ga inda abokin gaba ya ɓoye rundunarsa, wani kuma nasarar da ya sha wuya a kanta za a soke. Bari su tattauna su amince kafin ka kunna, in da hali ma a rubuta ƙa'idar komawa baya tun ranar da aka buɗe wasan, kowa ya gani ya ce ya yarda.